Rumbun tsimin Amurka: Biden ya ceci talaka ne, ko ƙuri'a yake nema?

Baban Ilham, Houston:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni sakat tun shekaranjiya. Ranar Laraba 19 ga Oktoban 2022 Shugaba Biden ya fito ya ce za a sake fitar da ganga miliyan 15 daga rumbun ɗanyen mai na gwamnati, cikon miliyan 180 ɗin da ya yi alkawari tun 31 ga Maris. Ina ɗauke da wani dattijon Bature zuwa filin jirgi labarin ya shigo rediyo. Sai ya buga cinya ya ce an yashe ajiyar ƙasa don a sayi ƙuri'a, tunda saura kwana 20 zaɓen 'yan majalisa. Ban tanka masa ba, fasinja ne, amma maganar ta zauna min.

Ga abin da na gani da idona. Tankina galan 14 yake ci, kuma da tuƙi nake ciyar da iyali, sau huɗu ko biyar nake shan mai a mako. A watan Yuni sai na ajiye wajen dala 65 kafin ya cika. Akwai ranar da na tsaya a gidan mai ina kallon lambobin famfo suna gudu, na saki a dala 40 na rufe tanki, don kuɗin makarantar allon Ilham na ranar Asabar yana aljihun. Yanzu da dala 45 ina cikawa. Idan buɗe rumbun ne ya kawo wannan sauƙin, ni ban ga laifi ba. Idan kuma yaudararmu ake yi har a wuce zaɓe, gara in sani. Masu ilimin abin ku warware mana.

Alhaji Baba, Bronx:
Wa alaikumus salam ɗana. Dattijon nan gaskiya ya faɗa maka. Shekarata 31 a ƙasar nan, na ga shugabanni shida, kuma ban taɓa ganin wanda ya taɓa rumbun nan irin wannan taɓawar ba. Da Biden ya hau mulki a Janairun 2021 akwai ganga kusan miliyan 638 a ciki. Yau tana wajen miliyan 400, rabon da a ga haka tun 1984. Sannan ranar da aka rantsar da shi galan yana kusan dala 2.40, a ranar kuma ya sa hannu ya soke izinin bututun Keystone XL da zai riƙa kawo ganga 830,000 kullum daga Kanada. Ka toshe hanyar hatsi da hannunka, yunwa ta shigo, sai ka fasa rumbun tsimi ka ce kai ne mai ceto? A gidanmu a Kumasi, mahaifiyata tana da buhun masara guda da ko biki ake ba a kwance bakinsa. Wannan shi ne tsimi.

Ɗalibi, Ohio:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina neman izinin in ɗan saɓa maka a kan bututun. Ba a kammala gina Keystone XL ba lokacin da aka soke shi, ko ɗigo ɗaya bai taɓa bi ta ciki ba, kuma ko da an bar shi sai wajen 2023 ake sa ran zai fara aiki. Don haka ba shi ne ya kai galan dala 5 a Yunin 2022 ba. Man Kanada bai daina shigowa ba, yana bin sauran bututai da jiragen ƙasa.

Dala 2.40 ɗin ma a tuna lokacin da aka same ta. Korona ce ta kulle mutane a gida. Ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin gangar Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, har mai ganga ke biyan dala 37 da ɗoriya don a raba shi da ita, saboda babu wurin zubawa. Kamfanoni suka rufe rijiyoyi, suka sallami ma'aikata, wasu matatun suka rufe har abada, ƙasar ta rasa ƙarfin tace kusan ganga miliyan ɗaya a kullum. Da duniya ta buɗe, kowa ya fito da motarsa lokaci guda, man bai dawo da saurin da mutane suka dawo ba. Ana cikin haka Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, ganga ta taɓa dala 139 a makon farko na Maris. Jamus da Ingila da Japan duk sun sha wannan tsadar, kuma ba Biden ke mulkinsu ba.

Alhaji Baba, Bronx:
To yaro, na ji. Amma kafin Putin ya harba harsashi ko ɗaya galan ya riga ya haura dala 3.50. Kuma tun Nuwamban 2021 Biden ya fara buɗe rumbun, ganga miliyan 50, babu yaƙi babu guguwa. Me ya sa kullum bakinsa "tsadar Putin"? Wannan ɗora wa wani kaya ne.

Ɗalibi, Ohio:
Nan kam ka kama shi, Baba. Kiran abin "tsadar Putin" rabin gaskiya ne. Amma sitikar nan da ake liƙawa a jikin famfo, hoton Biden yana nuna farashi da yatsa wai shi ya yi, ita ma rabin gaskiya ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maman Sadiq, Sacramento:
Ku kuna maganar dala 5 kamar tarihi, mu nan California farkon watan nan ma sai da ta sake haura dala 6. Aikin jinya nake, ina bin tsofaffi gida gida, wata rana in yi mil 80. Ba zan ce wa tsohuwar da ke jiran allurar sukari ta jira mai ya sauka ba. Abin da ya fi ci min rai ba Biden ba ne, ba kuma Trump ba. Kamfanonin mai ne. ExxonMobil shi kaɗai ya ci ribar dala biliyan 17.9 daga Afrilu zuwa Yuni, a daidai watannin da na koma sayen rabin tanki. Shin don Allah idan ganga ta tashi da safe, me ya sa kafin la'asar an canza allon gidan mai, amma idan ta sauka sai a yi mako uku ana jan ƙafa? Wannan tambayar nake so Injiniya ya amsa min.

Injiniya, Kaduna:
Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Bari in fara da rumbun kansa, don na lura mutane da yawa suna zaton manyan tankuna ne cike da fetur. Ba fetur ba ne, ɗanyen mai ne, kuma ba a tanki yake ba. A ƙarƙashin ƙasa yake, cikin koguna da aka fafe a jikin dutsen gishiri a gaɓar Tekun Meziko. Wurare huɗu ne: Bryan Mound da Big Hill a Texas, West Hackberry da Bayou Choctaw a Louisiana. Baban Ilham, Bryan Mound na kusa da Freeport, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga inda kake. Yadda ake yin kogon shi ne a haƙa rijiya, a tura ruwan daɗi ya narkar da gishirin, a zuƙe ruwan gishirin, sai a zuba mai a gurbin. Gishiri ba ya shan mai, kuma nauyin ƙasa yana matse duk wata tsaga. Idan za a fitar, sai a tura ruwa ta ƙasa, man ya taso sama tunda ya fi ruwa rashin nauyi.

Ga inda maganar Alhaji Baba take da ƙarfi ta fuskar aiki, ba ta siyasa ba. Duk lokacin da aka tura ruwa, yana ƙara cin bangon kogon. An tsara su ne don a kwashe su kamar sau biyar a tsawon rayuwarsu, kuma famfunan da bututan sun tsufa, tun ƙarshen shekarun 1970 da na 1980 aka kafa su. Wato ba tulu ba ne da za a yi ta ɗiba ana mayarwa yadda aka ga dama.

Asalinsa kuwa takunkumin mai ne na ƙasashen Larabawa a 1973, lokacin yaƙin Oktoba. Ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, Amurkawa suka yi layi a gidajen mai, wasu jihohi suka raba ranakun shan mai bisa lambar mota. Shugaba Ford ya sa hannu a dokar kafa rumbun a Disambar 1975. Mafi cikar da ya taɓa yi ita ce ganga miliyan 727 a ƙarshen 2009.

Tambayarki Hajiya. Ganga ɗaya galan 42 ce, don haka duk dala ɗaya da ta hau kan ganga, kusan senti biyu da rabi ne a galan. A matsakaicin farashin Amurka, ɗanyen mai shi ne fiye da rabin kuɗin da ake biya, sauran tacewa ne da dako da haraji da ribar mai gidan mai. Mai gidan mai yana saurin ƙarawa don yana tsoron kuɗin tankar da zai saya gobe, yana jinkirin ragewa don babu mai tilasta masa sai maƙwabcinsa ya rage. Ku kuma a California kuna da naku nau'in fetur na musamman saboda dokar tsaftar iska, matatu kaɗan ne ke yinsa, ga haraji mai nauyi. Matata biyu ko uku suka tsaya gyara, sai ku ji a jikinku. Ɗanyen man Louisiana ba zai magance wannan ba.

Baban Ilham, Houston:
Injiniya Allah ya saka da alheri, wallahi ban san a ƙarƙashin hancina abin yake ba. Amma ba ka amsa tawa ba. Saukin da na gani daga 65 zuwa 45, rumbun ne ko ba shi ba ne?

Injiniya, Kaduna:
Wani ɓangare shi ne, mafi yawa ba shi ba ne. Lissafa da kanka: Amurka na shan wajen ganga miliyan 20 a kullum, duniya kuma wajen miliyan 100. Ganga miliyan 180 abincin Amurka ne na kwana tara. Amma ba a lokaci guda aka zubo ta ba, an tsara ta a kan miliyan ɗaya kullum na wata shida, sauran ƙasashen Hukumar Makamashi ta Duniya kuma suka ƙara miliyan 60. A kasuwar da ta matse, kashi ɗaya cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta yi ƙiyasi a watan Yuli cewa fitarwar ta rage tsakanin senti 17 zuwa 42 a galan. Ka lura gwamnatin ce ke auna aikin kanta, amma ko ka ɗauki adadin sama, tankinka na galan 14 bai kai dala 6 ba cikin dala 20 ɗin da ka samu.

Sauran daga ina? Babban Bankin Amurka ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa, 'yan kasuwa suka fara tsoron tattalin arziki zai ja baya. Sin ta kulle manyan birane saboda korona, ciki har da Shanghai. Man Rasha bai ɓace daga kasuwa yadda aka yi tsoro ba, ya karkata zuwa Indiya da Sin a farashi mai rahusa. Sannan ku kanku direbobi kun rage tafiya da galan ya kai dala 5. Shi ya sa farashi ya yi kwana 98 a jere yana sauka daga tsakiyar Yuni. Ka kuma tuna an fara fitarwar tun Mayu, amma galan bai daina hawa ba sai da ya kai dala 5.02 ranar 14 ga Yuni.

Alhaji Baba, Bronx:
Kun ji ko? Dala shida a tanki. A kan dala shida aka kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara shekara arba'in. Bush na farko ya buɗe shi a 1991 da yaƙin Iraƙi, ganga miliyan 17. Bush na biyu ya buɗe a 2005 da guguwar Katrina ta rushe rijiyoyi da matatu, miliyan 11 ya sayar. Obama a 2011 da man Libiya ya tsaya, miliyan 30. Ku haɗa su duka ba su kai rabin na bana ba. Yau idan aka rufe mashigin Hormuz, hanyar ruwan da man yankin Gulf ke bi, ko wata guguwar ta daki Texas, da me za a tare? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ku da kuke cewa babu siyasa, Saudiyya da kanta ta fitar da sanarwa makon jiya cewa Amurka ta roƙe ta ta jinkirta rage haƙo mai da wata ɗaya. Wata ɗaya! Ku ƙirga daga 5 ga Oktoba, ranar da ƙungiyar ƙasashe masu arzikin mai ta OPEC ta sanar da ragin, ku ga inda ya faɗa. Biden ya je Jidda a watan Yuli ya gaisa da Yarima Muhammad bin Salman, bayan shi Biden ɗin ya taɓa cewa zai mayar da Saudiyya saniyar ware, ya dawo, OPEC da ƙawayenta suka yanke ganga miliyan 2 a kullum. Sai ya sake komawa rumbu.

Maman Sadiq, Sacramento:
Baba, ka yi haƙuri, dala shida ɗin nan da kake rainawa, ni sau uku nake cika tanki a mako. A wata dala 70 ce da wani abu, kuɗin wutar gidana ke nan. Tsohuwar da nake dubawa ranar Talata ta daina kunna na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar zafin Yuli saboda komai ya tashi, na same ta zaune da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 cikin ɗari a watan Yuni, rabon da a ga haka shekara arba'in. Idan wannan ba ranar tsimi ba ce, wace rana ce? Sai an ga gawa a titi? Mahaifiyarka da ta ɗaure bakin buhun nan, na tabbata don 'ya'yanta ta ɗaure, kuma da ta ga sun kwana biyu babu tuwo da ta kwance.

Alhaji Baba, Bronx:
'Yata, da ta kwance. Ta taɓa kwancewa ma, a 1983, shekarar fari da gobarar daji a Gana, shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya. Amma a shekarar babu masara a kasuwa ko da kuɗinka. Bana akwai gidan man da kika je aka ce miki babu? Tsada daban, rashi daban. Abin da nake faɗa ke nan.

Ɗalibi, Ohio:
Baba, a nan ne ainihin saɓanin yake, kuma ina ganin ba za a raba shi da lissafi ba. Dokar 1975 ta ce shugaba zai buɗe ne idan an samu yankewar mai mai tsanani, amma an faɗaɗa ta daga baya ta yadda tsadar da yankewar ta haifar ma tana cikin abin dubawa. Amurka ta haramta shigo da man Rasha ranar 8 ga Maris, Turai ma ta sa ranar da za ta daina saya. Mai son buɗewa zai ce ga yankewa, mai ƙi zai ce tsada ce kawai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce jam'iyya ɗaya ce mai hannu a miya. A Satumbar 2000, makonni kafin zaɓe, Clinton ya fitar da ganga miliyan 30 bayan mataimakinsa Al Gore, wanda ke takarar shugaban ƙasa, ya nema, abokin takararsa Bush na biyu ya ce siyasa ce. Wannan na 'yan Democrat ne. Amma tun 2015 majalisa, da hannun jam'iyyun biyu, ta yi ta zartar da dokokin sayar da man rumbun don cike giɓin kasafi da gyaran hanyoyi, babu yaƙi babu fari, kuma ba a liƙa wa kowa sitika ba. A Maris ɗin 2020 Trump ya nemi a cika rumbun lokacin da ganga ta yi arha kamar banza, aka nemi dala biliyan 3, 'yan Democrat suka ce tallafi ne ga kamfanonin mai, aka cire kuɗin daga dokar agajin korona. Wannan babban kuskure ne, kuma ina faɗa duk da na fi karkata gare su. Sannan Amurkar yau ba ta 1975 ba ce. Ita ce kan gaba a duniya wajen haƙo mai, wajen ganga miliyan 12 a kullum, har fitarwa take yi. Buƙatarta ga rumbu mai ganga miliyan 700 ba kamar da ba ce.

Malam na Fagge, Kano:
Ina ta karantawa ina jinjina kai. Ku aƙalla kuna da rumbun da za ku yi faɗa a kansa, kuma duk mako ana buga adadin da ya rage kowa ya gani. Mu asusun rarar ɗanyen mai da aka buɗe a 2004, wanda ya taɓa kai wajen dala biliyan 20, a watan Yulin nan bai kai dala miliyan ɗaya ba. Ganga ta haura dala 100 amma a watan Agusta abin da muke haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a kullum saboda sata da fasa bututu. Litar dizal ta kai naira 800, masu injin niƙa a unguwarmu uku sun rufe. Yaƙin da ya taɓa tankinku shi ne ya kashe injinansu.

Injiniya, Kaduna:
Malam, ciwon nan namu sai mun ware masa rana guda. Bari in koma kan abin da ban ji kowa ya taɓo ba, wato mayarwa. A jawabin nan na Laraba Biden ya ce gwamnati za ta fara saye idan ganga ta sauko tsakanin dala 67 zuwa 72. An sayar da na bana a wajen dala 95 kowace ganga. Idan aka mayar a 70, gwamnati ta sayar da tsada ta saya da arha, kuma ta ba masu haƙo mai tabbacin akwai mai saye idan kasuwa ta faɗi. A takarda dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce zubawa ta fi ɗiba jinkiri nesa ba kusa ba, kuɗin kuma sai majalisa ta bar su a wurin ba ta karkatar ba. Ni a nan zan auna shi. Shugaban da ya buɗe rumbu a ranar wahala bai yi laifi a wurina ba. Amma idan ganga ta sauko 70 aka yi shiru, to Alhaji Baba ne mai gaskiya tun farko.

Alhaji Baba, Bronx:
Injiniya, na karɓi wannan ma'aunin. Allah ya ba mu tsawon rai mu gani. Amma ku rubuta ku ajiye: ɗan siyasa yana son ranar rabo, ba ya son ranar zubi, don babu mai tafa masa idan ya sayi mai ya binne a ƙasa.

Maman Sadiq, Sacramento:
Ni kuma har yanzu ina kan bakana game da kamfanonin. Biden ya roƙi majalisa a watan Yuni ta dakatar da harajin tarayya na senti 18.4 a galan na wata uku, ko jam'iyyarsa ba ta bi shi ba. Ya rubuta wa masu matatu wasiƙa, suka amsa da tasu wasiƙar. Kowa ya yi magana ya koma gida, mu muka ci gaba da biya. Ranar 8 ga Nuwamba zan je in jefa ƙuri'ata, amma ba allon gidan mai ne zai zaɓar min ba.

Baban Ilham, Houston:
Na gode muku duka, Baba Alhaji Allah ya ja kwana. Na fahimci cewa cikin dala 20 ɗin da ta dawo aljihuna, abin da bai kai shida ba ne na rumbu, kuma aro ce, akwai ranar biya. Abin da ke damuna yanzu Disamba ne. Injiniya, an ce ranar 5 ga Disamba Turai za ta daina karɓar ɗanyen man Rasha da ake kaiwa ta ruwa, ragin OPEC kuma zai fara aiki a Nuwamba, ga miliyan 15 ɗin nan ita ce ta ƙarshe a cikin 180. Ina da niyyar karɓar mota mai cin mai kaɗan a kan bashi, amma kuɗin ruwa ya tashi, kuma mai ɗakina tana ganin mu jira. In ka samu lokaci ka duba min ko lissafina ya yi: mil 1,100 nake yi a mako, wadda nake ja tana ba ni mil 24 a galan, wadda nake so an ce tana ba da 50. Zan fita aikin dare yanzu, sai bayan asuba zan leƙo.